Buhun Gishirin Badamagare

Lokacin da nake zaune wajen Gwaggona a Soundview, ba na fita sai da littafi a jaka. Irin ƙananan nan ne na soyayya da muke haya muna 'yan mata a Kano, masu bango mai sheƙi da takarda mai saurin yagewa. Da su na cika rabin akwatina ranar da zan taho Amurka, har Gwaggo ta ce da ta san abin da zan kwaso ke nan, da ta ce a cika mata wajen da kuka da daddawa. Aikina kula da wata tsohuwa ne a gidanta, tsohuwar kuma barci gare ta kamar mage, don haka na sake karance su tas, wasu har na kusa haddacewa. A cikinsu na koyi yadda namiji yake bayyana so: a wuri mai kyau, da murya ƙasa-ƙasa, da kalmomin da mace za ta yi ta juyawa a ranta har ta tsufa. Ban taɓa shakkar cewa nawa rabon a haka zai zo ba.

Wanda nake jira ya furta ɗin wani mai shago ne a kan hanyata ta zuwa tashar jirgi. Dogo ne, baƙi, mai yawan fara'a, yana sayar da turare da huluna da safar hannu da cajar waya. Matsalar guda ce: shi Badamagare, ni Bakanuwa, tsakanin mutanensu da namu kuwa wasa ne tun kaka da kakanni. Duk abin da ya fito daga bakinsa tsokana ce. In na shiga shagon sai ya ce wa abokin cinikinsa, "A ɓoye kaya, ga Bakanuwa." In zan fita ya jefa mini kwalbar turare a leda, ya ce sadaka ce yake yi wa talakawan Kano. Mun fi shekara a haka. Na kasa gane ko akwai so a ƙarƙashin wasan, ko kuwa wasan ne zalla har ƙasa.

Ana cikin haka Gwaggo ta fara kawo mini zancen ɗan wata ƙawarta da ke unguwar Stapleton, mutumin kirki, mai aikin asibiti. Ta ce ba za ta zuba ido in tsufa a kan littafi ba. Na ce ta ba ni lokaci. Ta ce ta ba ni, amma ba mai yawa ba.

Sai ga tafiyar ramin gishiri. Wadda ta shirya ta shugabar adashinmu ce, wata 'yar zangon Kumasi da kowa ke kira Anti. Ta ji labarin wani tsohon ramin da aka daɗe ana haƙar gishiri a cikinsa, can nesa da birni, wanda yanzu ake shiga da baƙi suna kallo. Ta ɗauki hayar bas, kujeru suka yi saura, ta buɗe wa maza. Da na ji sunan mai shago a cikin masu zuwa, sai na yanke wa kaina hukunci: in muka je muka dawo bai ce komai ba, zan ce wa Gwaggo ɗan Stapleton ya zo.

Ranar Asabar ce a farkon sanyi. Gwaggo ba ta zo ba, tana aikin kwana a ƙarshen mako. Na sa doguwar rigata mai ruwan zuma, wadda nake ajiyewa don suna da biki, na rufe ta da ƙatuwar rigar sanyi har ba a ganin komai sai bakin ƙasanta. Anti ta dube ni a bakin bas ta ce, "Kai, yarinyan nan ya yi kyau paa! Rami za mu shiga fa, ba biki ba." Hausarsu ta zango haka take, mace da namiji duk "ya" ne.

Tafiyar ta yi nisa. Muka bar dogayen gine-gine, muka shiga gonaki da itatuwan da suka zubar da ganye. Ana ta miƙo soyayyen nama da biredi daga kujera zuwa kujera. Shi yana can baya da 'yan'uwansa 'yan Nijar, ina jiyo dariyarsa, ban waiwaya ba ko sau ɗaya, sai dai ta madubin direba.

A bakin ramin aka raba mana hulunan kwano masu fitila a goshi. Nan aka fara rikici, domin Anti ta sha ɗaurin ɗankwali mai hawa-hawa, hular ta zauna a samansa kamar murfin tukunya. Jagoranmu, wani farin dattijo mai gashin baki, ya roƙe ta da ladabi ta sassauta ɗaurin. Ta ce masa da Turanci ɗankwalin ya fi hularsa ƙarfi. Da ƙyar aka sasanta.

Sai lif ɗin. Ba irin na gidajen sama ba ne mai madubi da kiɗa. Keji ne na ƙarfe, aka cusa mu ciki, aka ja ƙofa, muka fara nutsewa cikin duhu, iska tana busowa daga ƙasa, ƙarfe yana ƙara. Kunnuwana suka toshe. A gefena na ji wani yana jero addu'o'i ba ƙaƙƙautawa, na hawa mota, na shiga kasuwa, har da na shiga gari.

Na ce, "Badamagare, tsoro?"

Ya ce, "Wa? Ni? Kanawa nake yi wa addu'a. Ku ne masu nauyin zunubi, kar igiyar asansar ɗin nan, lif in ji ku, ta tsinke da mu."

"Ai na ga har gumi kake."

"Turare ne. Ba ki san mai tsada ba."

Da ƙofar ta buɗe, sai na manta da shi na ɗan lokaci. Na zaci zan ga fari fat kamar gishirin kicin. Ashe toka-toka ne, da layi-layi baƙi da fari a jikin bango kamar saƙar zane. Amma duk inda fitilar goshinka ta sauka sai ya ɗauki ƙyalli, kamar an farfasa taurari an shafe bangon da su. Hanyoyin faɗi gare su kamar tituna, rufin ma gishiri, ƙasan ma gishiri, ga manyan ginshiƙai da aka bari suna riƙe da duniyar da ke samanmu. Babu sanyin da muka baro a waje, babu zafi. Iskar a bushe take, in ka lashi leɓe sai ka ji ɗanɗano.

Jagoran ya ce kowa yana iya taɓa bango, amma ba ya ba da shawarar a lasa, don dubban mutane sun riga mu. Bai rufe baki ba rabin ayarinmu sun lasa. Anti ta ɗanɗana, ta yi shiru kamar mai gwada miya, ta ce, "Ya yi. Amma yana son barkono."

Aka ɗora mu a wani ƙaramin jirgi mai taragu a buɗe, kamar na wasan yara. Yana tafe jagoran yana bayani, ni kuma ina fassara wa waɗanda Turancinsa ya yi musu sauri. Ya ce wurin nan da teku ne, tun kafin a yi mutane, ya ƙafe ya bar gishirinsa, ƙasa ta rufe shi. Wannan maganar ta shige ni sosai. Na dinga kallon rufin ina tunanin igiyar ruwa tana wucewa ta saman kanmu, da kifayen da ba wanda ya taɓa gani. Ya nuna mana wata tsohuwar mota da aka sauko da ita gunduwa-gunduwa aka harhaɗa a ƙasa, ta gama aikinta aka bar ta a nan. Ya nuna mana inda ma'aikatan zamanin da suke cin abinci: gwangwanaye, takalmi ƙafa ɗaya, guntun biredin wani da ya bushe ya ƙi ruɓewa. Wata tsohuwa a taragonmu ta ce Allah sarki, ko me ya taso shi bai ƙarasa ba.

Can ciki jirgin ya tsaya. Jagoran ya ce kowa ya kashe fitilarsa, zai nuna mana duhu na gaske. Aka kashe. Ban taɓa ganin irinsa ba, ko in ce ban taɓa rashin gani irinsa ba. Na ɗaga tafina har ya taɓa hancina, babu shi. Surutu ya ɗauke. Mai shago yana kujerar da ke bayana, ina jin numfashinsa. Zuciyata ta fara bugu har ina tsoron a ji. Na ce yanzu ne. Babu ido, babu kunya, daga shi sai ni sai tsohon teku. Na ji ya matso, ya sunkuyo daidai kunnena, ya rage murya.

Ya ce, "Bakanuwa, riƙe jakarki da kyau. Akwai 'yan garinku a jirgin nan."

Aka kunna fitila ina murmushin dole.

Ban fid da rai ba, don an ce akwai sauran wuri guda. Wani ɗaki ne babba da aka sassaƙa a cikin gishirin, aka rataya fitilu masu kwalliya da ƙwayoyin gishiri kamar lu'ulu'u, haske yana zuba ruwan zinariya a bango. Jagoran ya ce har aure ake ɗaurawa a nan. Na zuge rigar sanyina don rigar ruwan zumar ta sha haske, na koma gefen wani ginshiƙi na tsaya ni kaɗai, inda duk mai nemana zai same ni. Ya kuwa same ni. Ya zo yana murza hularsa a hannu, fuskarsa babu wasa, abin da ban taɓa gani ba.

Ya ce, "Don Allah ina da magana."

Na sunkuyar da kai na ce, "Ina ji."

"Ki tambayar mini tsohon nan. Gishirin nan ana ci, ko na titi ne?"

Na ɗago na dube shi. Da gaske yake. Na je na tambaya. Jagoran ya ce yawancinsa titi ake watsa wa lokacin ƙanƙara, amma akwai wanda ake tacewa don girki, ana sayarwa a kantin da ke sama.

Ya ce, "Bon. Na ci nake so. Ki tabbatar ya ce na ci."

"Ya ce na ci."

"Mu a wajenmu na Bilma ne, kantu-kantu, raƙuma ke kawowa. Amma wanda mutum ya sauka ƙarƙashin ƙasa da ƙafarsa ya gano, ai shi ma ba laifi, ko?"

Na ce ban sani ba, ni ba 'yar kasuwa ba ce. Na ja zik ɗin rigar sanyina har wuya. A raina na ce shi ke nan, mutumin nan ko a Aljanna aka kai shi sarin kaya zai tambaya.

Da muka fito sarari muka yi salla a gefen filin ajiye motoci, iska tana kaɗa mana mayafai, sannan aka buɗe kulolin shinkafa. Kowa ya sayo ɗan abin tunawa, wasu fitilar gishiri, wasu ƙaramar kwalba. Sai ga shi ya fito daga kantin da buhu guda a ka, ƙato, yana tafe yana tangaɗi. Mazan suka sa ihu. Matan suka dubi buhun, suka dube ni, suka fara ƙunshe dariya a mayafi. Anti ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Uhm! Wani ya ci gaba." Na ɗauka rowarsa suke yi wa dariya, suna tausaya mini. Ashe kowa a bas ɗin ya gane, kuma kowa ya ɗauka na gane.

Muka kama hanyar dawowa. Na jingina kai da taga, na shirya yadda zan gaya wa Gwaggo. Da bas ya sauke mu ya biyo ni da buhun a kafaɗa har ƙofar gida, ya hau 'yan matakalan waje, ya dire shi a soro yana haki.

Ya ce, "Na Gwaggo ne. A ajiye mata."

"To."

"Kin karɓa?"

"Ajiye nan, ba mai ɗauka."

"A'a. Kin karɓa?"

Na ce, "Na karɓa mana, sai an yi shela?" Na ga ya washe baki har kunne, ya juya ya sauka yana tsalle kamar ba shi ya ɗauko kaya ba. Na rufe ƙofa da ƙarfi.

Washegari na buɗe labule na ga gari ya yi fari. Dusar ƙanƙara ta sauka, ta ɗan narke, ta sake daskarewa, matakalan ƙofarmu sun zama kamar gilashi. Mai gidan tsoho ne, mu 'yan haya muke gyara ƙofa. Gwaggo kuma tana hanya, ga ciwon gwiwa. Na duba bokitin gishirin titi da muke ajiyewa a bayan ƙofa, babu komai. Sai idona ya sauka a kan buhun. Na ce to, ka yi amfani. Na sa wuƙa na farke bakinsa, na ɗebo da kwanon sha, na watsa wa matakala, na watsa wa gefen titi. Haushi ya sa hannuna ya buɗe. Na watsa wa ƙofar 'yan Jamaikan da ke damanmu, na watsa wa ta matar nan mai jin Sifaniyanci da ke hagu, har ta leƙo ta taga tana sa mini albarka da yarensu. Na bar buhun a saman matakala, ya kusa rabi, bakinsa a wangale.

Ina tsaye da kwano a hannu wata mota ta tsaya. Gwaggo ce ta fara fitowa, abin da ya ba ni mamaki, don a bas take dawowa. Bayanta dattawa biyu na masallacinmu, da manyan riguna a ƙarƙashin kwat, ɗaya da ƙullin goro, ɗaya da kwalin alewa. Mai shago ne ke tuƙi, bai yi niyyar fitowa ba, don ba a zuwa da mai neman aure cikin irin wannan zama. Amma ya hango buhun. Ya buɗe ƙofa a hankali ya tsaya.

Goro. Alewa. Na dubi kwanon hannuna. Wallahi na san al'adar sarai. Ina yarinya na sha ganin ana ƙulla gishiri da goro a raba gida-gida, a ce an ba da wance. Amma a littattafaina ba wanda ya taɓa kawo gishiri, kuma a garin da kowane kanti yake jibge buhunansa a ƙofa da zarar sanyi ya shigo, ko kusa raina bai kai can ba.

Gwaggo ta tako, gishiri yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminta. Ta dubi ƙasa, ta dubi buhun, ta dube ni.

"Ke! Wanne kika watsa?"

Na ɓoye kwanon a bayana.

"Yaron nan tun jiya ya kira ni, ya ce ya kawo, kin ce kin karɓa. Shi ne kika zubar a titi?"

Dattawan suka tsaya cirko-cirko, mai goron yana gyaran murya. Gwaggo ta bi sawun gishirin da ido, ta ga ya kai ƙofar dama, ya kai ta hagu. Sai na ga kafaɗunta sun fara rawa. Ta juya wajen baƙin ta ce, "Alhaji, ku yi haƙuri da 'yar tawa, zumuɗi ne. Gishirin baiko ai maƙwabta ake raba wa. Ita ba ta jira ku ba, ta riga ta raba."

Mai alewar ya ce, "Mu dai ga shi muna tafiya ba wanda ya zame. Alama ce mai kyau." Suka hau suna dariya, Gwaggo ta shige da su.

Shi bai yi dariya ba. Yana nan jikin mota, hannuwa a aljihu, yana kallon ƙasa. Na sauko har inda yake.

Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In amsar ke nan, ki faɗa mini, in shiga in fito da su tun ba su zauna ba."

"Ban sani ba ne."

"Na tambaye ki sau biyu."

"Ka ce na karɓi buhu. Ba ka ce komai ba. Shekara guda ba ka ce komai ba, sai ɓarauniya, sai talakan Kano."

"Na shiga ramin da ko gawata ban so a kai ba. Na ɗauko kaya a ka kamar ɗan dako, gaban mutane. Me kuma ya rage?"

"Faɗar."

Ya ɗago ya dube ni. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa daga safe har dare ya rasa ta inda zai fara. Dusar ƙanƙara tana sauka a hularsa. Can ya ce, da wata murya wadda ba ta yi kama da ta kowane littafi ba, "To. Ina son ki. Tun ranar da kika zo sayen caja kika ce kayana jabu ne. Ke fa?"

Na ce, "Ai jabun ne. Kwana nawa ta yi?"

"Bakanuwa, dattawa suna jira."

"Kar ka fito da su."

Ya sauke wani dogon numfashi, tururi ya tashi tsakaninmu. Sannan ya hau matakalan, ya tattara bakin buhun ya murɗe shi tam, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce in shigar da sauran ciki tun ban ƙarar wa unguwa ba. Na rungume shi da ƙyar, buhun nake nufi, na tura ƙofa da ƙafa. Daga falo na ji Gwaggo tana ƙwala mini kira in ɗora ruwan shayi, in kuma kawo ƙananan ledoji, duk waɗanda ke cikin gidan.